Fasa iskar gas da filasma mai sanyi: lacca ga ɗaliban Hausawa a Jidda

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abu uku zan taɓo.

Na farko, metan, wato jigon iskar gas ɗin da ake haƙowa a wurare irin su filin gas na Jafura a nan Saudiyya. Ƙwayarsa kabon ɗaya ce riƙe da haidirojin huɗu. Masana'antu sun saba haɗa shi da tururi a zafin digiri 700 zuwa 1,000 don su samo haidirojin, amma duk kilo ɗaya na haidirojin sai an saki kusan kilo 9 na hayaƙin kabon.

To ku ɗaga kai ku dubi doguwar fitilar nan. Filasma ce mai sanyi a cikinta, wato iskar da wutar lantarki ta ɓalle wa ilaktoron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki. Ka taɓa ba ta ƙona ka, alhali ilaktoron ɗin ciki zafinsu ya haura digiri 10,000. Irinsu ake sakar wa metan su yi ta dukansa har ya rabu.

Ga inda nake so! Babu oksijin a bututun da ake fasa metan ɗin, saboda haka kabon ba ya tashi sama, zubowa yake, baƙin gari. Kilo 4 na metan, kilo 1 haidirojin, kilo 3 gari. Gari fa, jama'a! A ɗura a buhu! Alaramma na ga kana murmushi, e, ɗan'uwan baƙin tukunyar da kuke tawada da shi ne. Tayar motar da ta kawo ku, wannan garin ne ya baƙanta ta, ya ƙara mata ƙarko. Kamfanin Monolith a Nebraska ta Amurka sayar da shi yake yi, sai dai tasu filasmar mai zafi ce. Na ce a buhu!

Na uku... ko na biyu muke? Garin nan yakan toshe bututu, wani metan ɗin kuma wata iska daban, asitilin, yake komawa.

(Wani ɗalibi: Malam, wutar lantarkin fa, daga ina?)

Ka kama ni, ɗana. A takarda, fasa metan bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfin da fasa ruwa don samo haidirojin ke ci ba. A ɗakin gwaji kuwa filasma mai sanyi ɓarnar wuta take yi sosai. Kuma yawancin lantarkin ƙasar nan da gas da mai ake yin sa. In ba daga hasken rana aka jawo ba, irin tashar Sudair mai megawat 1,500, hayaƙin da ka hana nan can tashar wuta zai fita.