Allunan ƙarfe 20 a Broken Arrow

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Broken Arrow nake magana, wani gari dab da Tulsa a jihar Oklahoma, cikin lambun shaƙatawar da aka keɓe wa tsofaffin sojoji. Ku dubi bayana. Allunan ƙarfe ne guda 20, kowanne ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, an yanke siffar soja a tsakiyarsa. Kowace siffa ta wani soja ce da ya rayu da gaske, ya yi wa Amurka aiki, daga baya ya kashe kansa. Ƙungiyar Mission 22 ce ta samar da su, aka buɗe wurin a 2022.

Wannan 22 ɗin da ke cikin sunan ƙungiyar daga rahoton ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta fito, wanda aka fitar a 2013 da kiyasin cewa kusan 22 ne ke kashe kansu kullum. Da aka inganta ƙidaya, adadin ya koma wajen 17. A 2022 kaɗai mutum 6,407 ne. Wanda ya fi girgiza ni shi ne binciken Jami'ar Brown na 2021: sojojin da aka kashe a yaƙe-yaƙen bayan harin 11 ga Satumba su 7,057 ne, amma waɗanda aka kiyasta sun kashe kansu cikin sojojin waɗannan yaƙe-yaƙen sun kai 30,177. Ninki huɗu ke nan har da ɗori.

To, wa ke biyan kuɗin irin wannan gini? A ƙasar nan yawanci ba baitulmali ba ne. Hukumar gari ta ba da fili, mutane su yi karo-karo. Ana shirya tattaki da gudun yada ƙanin wani, 'yan babura su fito jerin gwano, a sayar da riguna. Akwai kuma dabarar bulo: ka biya, a sassaƙa sunan ɗan'uwanka a jiki, a shimfiɗa shi a hanyar shiga. Hatta katangar tunawa da sojojin yaƙin Biyetnam da ke Washintan, mai sunaye sama da 58,000, da gudummawar jama'a aka gina ta a 1982, kimanin dala miliyan 8.4. A Washintan ɗin ma doka ta ce duk mai gina abin tunawa a filin gwamnatin tarayya sai ya ajiye ƙarin kashi 10 cikin 100 don kula da shi. Wannan dokar ta burge ni, don mun san yadda gini ke zama kango da zarar an gama yanke ƙyalle.

Akwai masu cewa ɓarnar kuɗi ce, gara a ba likitocin ƙwaƙwalwa. Suna da hujja, ƙarfe ba ya yi wa kowa magani. Amma ni ban ga laifin ginin ba muddin yana yi wa masu rai aiki. Iyalan da kunya ta hana su faɗin yadda ɗansu ya mutu sun samu inda za su tsaya ba tare da sunkuyar da kai ba. Na san wasunku za su ce ai kashe kai haramun ne. Haka ne, ba mai musu. Sai dai ciwon damuwa ciwo ne, kuma shiru bai taɓa warkar da shi ba. Ku tuna muna da namu sojojin da suka shekara da shekaru a dajin Sambisa.

Da ni ke riƙe da asusun, kafin a sayi fitilu da furanni sai an kafa allo mai lambar neman agaji a bakin ƙofa. 'Yan'uwa da ke Amurka, musamman masu ɗa ko miji a soja, ku adana ta: 988, sannan a danna 1. Kyauta ne, dare da rana.

Bari in matsa kusa in nuna muku allunan ɗaya bayan ɗaya.