Lacca: Yadda Ciwon Hanta Ke Tsayar da Ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, 'yan uwa ma'aikatan lafiya, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon hanta da ya yi nisa ya san kamanninsa. Ido ya yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun kumbura, hannuwa kuwa sun rame. Sai wata rana mai jinya ta lura tun asuba har la'asar bai nemi fo ba, ɗan fitsarin da ya fito ma bai rufe gindin roba ba. To, a kan wannan ranar nake son mu tsaya.

Jinin da ke fitowa daga hanji, dukkansa ta wata babbar jijiya yake bi ya shiga hanta. Idan hanta ta cika da tabo ta ƙandare, hanya ta toshe, sai jinin ya riƙa taruwa a baya. Jijiyoyin hanji su saki su buɗe, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin ciki. Sauran jiki kuma sai ya ji jini ya yi masa kaɗan, ya ɗauki matakin da yake ɗauka idan mutum na zubar da jini: ya matse jijiyoyi, ya riƙe gishiri da ruwa. Ƙoda ce ke kwana a ciki. Manoman rani sun san wannan. Ruwa ya yi ambaliya a bakin kwata, gonar ƙarshe tana bushewa, alhali ƙasarta ba ta da laifin komai.

Ita ma ƙodar lafiyarta ƙalau, jini ne ba ya isa gare ta. A 1969 likitoci a Amurka sun ɗauki ƙodar waɗanda suka rasu da wannan larura suka dasa wa masu ciwon ƙoda, sai ga ta tana aiki. Kuma abin ba baƙo ba ne. Wani bincike da aka yi a Barselona ta ƙasar Sifaniya, aka buga a 1993, ya bi masu ƙandararriyar hanta da ruwa a ciki: 18 cikin 100 sun gamu da tsayawar ƙoda cikin shekara guda, 39 cikin 100 cikin shekara biyar. Nau'in da ke zuwa da gaggawa, in ba a yi magani ba, sau da yawa makonni kaɗan yake ba mutum.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Yawanci ba haka kawai take faɗowa ba, akwai abin da ke tunzura ta, kuma da yawa a hannunmu suke. Mara lafiya ya ce jikinsa na ciwo, a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac, ko ibuprofen, ko Feldene, ko haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna. Waɗannan magunguna suna kashe ɗan sinadarin da ƙoda ke dogaro da shi ta bar jijiyoyinta a buɗe. Don Allah, iyayena mata, ku da kuke kwana a gefen tabarmar mara lafiya: mai kumburin ciki na hanta ba ya shan su, ko guda ɗaya. Haka allurar gentamicin. Haka jiƙon da ake bayarwa wai don a wanke ciki, mutum ya kwana yana gudawa, ɗan ruwan da ya rage a jijiya ya tafi. Maganin sa fitsari ma, wanda likita ya rubuta, in an ƙara shi da ka don ciki ya saɓe da wuri, illa yake yi.

Ku kuma 'yan uwana na asibiti, zuƙe ruwan ciki yana ba da sauƙi, amma in za a wuce lita 5 sai an haɗa da albumin, sinadarin jini da ke riƙe ruwa a jijiyoyi, ta jijiya. Na san tsadarsa, na san yadda dangi ke kallon takardar kuɗin. In babu hali, a rage abin da za a zuƙa. Sannan zazzaɓi, ciwon ciki ko ruɗewa a irin wannan mara lafiya, a ɗebi ruwan a gwada, domin ƙwayoyin cuta kan shiga cikinsa. Wani bincike na 1999 a kan irin waɗannan marasa lafiya ya nuna haɗa albumin da maganin ƙwayoyin cuta ya sauko da tsayawar ƙoda daga 33 cikin 100 zuwa 10. Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa, ba a jira gari ya waye.

In ƙodar ta riga ta tsaya, a tsayar da maganin sa fitsari, a ba da albumin, a ƙara da maganin da ke matse jijiyoyin hanji, terlipressin ko noradrenaline. Wasu sukan farfaɗo. Wankin ƙoda yana ba da lokaci ne kawai, ba ya taɓa tushen. Abin da ke warkarwa shi ne dashen hanta, wanda mutanenmu sai sun tafi Indiya ko Masar, kuma mutum nawa ne cikinmu ke da wannan ƙarfi?

Shi ya sa nake komawa baya. A Najeriya babban mai ƙandarar da hanta shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, akasari ba su sani ba. Tun 2004 rigakafinsa ke cikin alluran yara, kuma ta farko ana son jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, ba sai bayan suna ba. Wanda gwaji ya nuna yana da shi ya ga likita. Akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, ga wanda ya cancanta.

Mai jinya a gida kuma ta samu roba guda ta riƙa tara fitsarin yini, ta ja layi inda ya tsaya. Ranar da ya sauka ƙasa da na jiya sosai, ranar za a tafi asibiti, a ce a gwada aikin ƙoda.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.