2x da 3 ba sa zama 23

[Hoto: shafin kaye da ke yawo a WhatsApp, an rufe sunan mai shi]

Salamu alaikum, mutanen Damagaram. Wannan hoton ya zaga wayoyin ƴan lakkol daga Birni har Zango. Mushe ya yi tambaya: shin 3 amsa ce ga 2x + 5 = 11? Yaro ya rubuta 23 + 5 = 28, ya ce a'a, har da jan layi biyu a ƙasa. Aka yi ta dariya. Sai dai da yawa cikin masu dariyar, in ka ce su nuna inda ya kauce, sai su hau kame-kame. To a bar yaro ya huta, mu duba aikin.

[Hoto: tabulo, hannu riƙe da alli]

A gurguje. Ekwasiyo magana ce da ke cewa abin da ke hagun wannan alama = daidai yake da abin da ke damarta, kamar sikelin mahauci idan ya tsaya cak. Harafin x lamba ce da ba a faɗa mana ba. In an ce ka gwada wata lamba, ba warware lissafin aka sa ka ba. Ka sa lambar a gurbin x, ka lissafa hagu, ka lissafa dama, ka duba ko sun zo ɗaya. Shi ke nan.

Wurin sa lambar nan ake faɗuwa, kuma nan za mu zauna.

[Hoto: 23 da 2x gefe da gefe, an matso da kamara]

Tun firamare aka koya mana cewa idan 2 ta jingina da 3, ashirin da uku ke nan: goma biyu, da ɗaya uku. Yaron bai ƙirƙiri komai ba, abin da ya sani ya bi. Amma idan lamba ta jingina da harafi, doka ta sake. 2x na nufin 2 sau x. Akwai alamar ninkawa a tsakaninsu, ba a dai rubuta ta.

[Alli ya raba 2 da x, ya sa × a tsakani]

Me ya sa ake ɓoye ta? Ku dube su da kyau: × da x. A rubutun hannu, musamman na mai sauri, wa zai bambance su? Ita alamar × wani Bature ɗan Ingila, William Oughtred, ya yaɗa ta a 1631. Shekara 6 bayan nan, a 1637, René Descartes na Faransa ya shiga amfani da x, y da z ga lambobin da ba a sani ba. Leibniz na Jamus ma ya yi ƙorafin cewa × da x suna rikita ido, ya fi son a sa ɗigo. Ke nan ruɗanin ya girmi kakannin kakanninmu.

Don haka da zarar ka cire x ka sa lamba, ka dawo da alamar da aka ɓoye.

[Rubutu na fitowa layi-layi: 2 × 3 + 5, sai 6 + 5, sai 11]

2 sau 3, shida. A tara 5, sha ɗaya. Dama kuwa dā ma 11 ce. Sun zo ɗaya, 3 amsa ce. Ku lura, ninkawa ake fara yi kafin tarawa. Wanda ya fara haɗa 3 da 5 zai tsinci kansa a 16, ya ce mushe ne ya yi kuskure.

[Hoto: teburin mai kayan lakkol a Kasuwar Dole]

A kasuwa ba mai yin wannan kuskure. A ce yaya ta aike ka da jikka guda, ka sayo kaye 3 da bik na faran 100, kuɗin ya ƙare tas. A rubuce: 3x + 100 = 1000. Ƙaninka ya ce ai kowane kaye 250 ne. Za ka ce 3250? Haba! Kaye uku, kowane 250, 750 ke nan, da na bik 850. Bai kai jikka ba, 250 ba ita ba ce. Gwada 300: 900 da 100, jikka cif. Gargaɗi ɗaya: in da dala ka fara, ka ƙare da dala. Dala ashirin ita ce faran 100. Ka sa 20 a hagu ka bar 1000 a dama, ko Descartes ba zai fid da kai ba.

[Koma tabulo: 3x + 10 = 4, x = −2]

Yanzu ga inda hatta ƴan turwaziyem ke tuntuɓe: lambar da ke ƙasa da sifiri, wadda a aji muke ce wa mwan 2. Mai gaggawa zai goge x ya dasa −2, sai ya ga 3 − 2 + 10. Ninkawa ta ɓace, ragi ya maye gurbinta, ya sami 11, ya ce ba amsa ba ce. Alhali ita ce.

Maganin: kafin ka rubuta lambar, fara buɗe baka biyu, wato parantez, a inda x take.

[A hankali: 3( ) + 10, sannan −2 ta shiga ciki]

3 sau mwan 2, mwan 6. A tara 10, saura 4. Dama 4. Daidai.

Ni a ganina, ko lambar ba ta da mwan, a sa mata bakan nan. Ba ya cin tawada, kuma wanda ya rubuta 2(3) ba zai taɓa karanta shi ashirin da uku ba. Haka in an ce x² = 9 a gwada −3: (−3) sau (−3) tara ne. Ka danna −3² ba baka a na'urar lissafi irin ta ƴan lise, −9 za ta ba ka, don 3 kaɗai ta ninka.

[Tabulo an raba shi biyu da layi: 5x − 3 = 2x + 9]

Saura in x ta fito a ɓangare biyu. Duk inda take, lamba guda za ta ɗauka. Ja layi a tsakiyar shafi, kowane ɓangare ya yi lissafinsa. Da 4: hagu 20 − 3, 17. Dama 8 + 9, 17. Ta shiga. Da 2: hagu 7, dama 13. Ba ta shiga ba. Kuma kar ka rubuta 7 = 13 a takardar BEPC, mai gyara zai zana maka ja. Rubuta 7 ≠ 13, sannan ka faɗa da kalmomi cewa 2 ba amsa ba ce.

[Allo ya tsaya: 4x − 7 = x + 8]

Ga naku. Ku gwada 5, sannan ku gwada −5. Ku turo hagu daban, dama daban, ba "i" ko "a'a" kawai ba.