Yadda jirgi ka wuce garin da za shi, matuƙa suna kallon laftof

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka kun shiga mota daga Birnin Kebbi za ku Sakkwato, direba ya samu abokin hira gaba, labari ya yi daɗi, ba ku ankara ba sai ga ku Gusau. To wallahi irin wanga ya taɓa faruwa, amma a sama.

Ranar 21 ga Oktoba 2009 ne a Amurka, jirgin kamfanin Northwest, Airbus A320, ya taso daga San Diyego za shi Miniyafolis da fasinja 144. Jirgi ya zo saman garin ya wuce abinai, sai da ya yi kusan kilomita 240 gaba, wato ya fi nisan Sakkwato zuwa Gusau. Sama da awa guda masu kula da zirga-zirgar jirage suna kira a rediyo shiru, har an sa jiragen yaƙi cikin shiri don an zaci ko sace jirgin aka yi. Ashe mi? Matuƙan biyu sun buɗe laftof ɗinsu suna duba sabon tsarin rabon aiki da aka kawo masu bayan kamfaninsu ya haɗe da Delta. Sai da wata ma'aikaciyar jirgin ta kira su tana tambaya wai yaushe za mu sauka, sannan suka ɗago kai.

Kuma fa ba 'yan koyo ba ne, kyaftin ɗin ya yi awa wajen 20,000 yana tuƙi. Ni abin da ya sa na ɗauko maganar ke nan, mutane sun ɗauka rashin ƙwarewa ka jawo irin haka, alhali sau da yawa ƙwararrun ne, ƙaramin abu ya ɗauke idon kowa lokaci guda, kowa na zaton ɗan'uwansa na kallon hanya.

Waɗancan sun ci sa'a, ba wanda ya ko ƙwarzane. Amma ku ji na 29 ga Disamba 1972. Jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 daga Niyok ya iso Mayami da dare, suka saki tayoyi, sai koren fitilar da ka nuna tayar gaba ta kafu ta ƙi kamawa. Suka fasa sauka, suka koma ƙafa 2,000, suka bar wa na'urar tuƙi jirgin, sannan duk suka taru kan fitilar nan, mataimakin kyaftin ya ciro ta, ya zo mai da ta ta maƙale, injiniya kuma aka ce ya sauka ƙasan ɗakin ya leƙo tayar da idonai. Cikin wanga kokawa aka ɗan taɓa sitiyari, na'urar ta saki tsayin da take riƙe da shi, jirgi ya fara gangarawa sannu sannu yadda jiki ba ya ji. Ƙasansu fadama ce, duhu ƙirin, ba ko fitila ɗaya da za ta nuna masu ƙasa na matsowa. Ƙararrawar gargaɗi ta buga kusa da kujerar injiniya, shi kuwa ba ya nan. Mutum 101 suka rasu. Da aka bincika tayar lafiya lau ta kafu, ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone. Inna lillahi.

Mi ya sa irin wanga haɗari ya fi faruwa wajen sauka? Don nan aiki ka taru. Ana rage gudu, ana rage tsayi, ana canza tashar rediyo, ana karanta jerin abubuwan dubawa, ga hasumiya na iya canza maka titin sauka ana saura 'yan mintoci. Mu nan ku ƙara da hazo, duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgin Abuja a filin Sultan Abubakar III cikin hunturu ya san yadda ƙura ka rufe gari. Shi ya sa a 1981 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa doka, in jirgi na ƙasa da ƙafa 10,000 ba hira, ba cin abinci, ba wata magana sai ta tuƙi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne haɗarin 1974 a garin Shalot na Amurka, inda na'urar ɗaukar murya ta nuna matuƙan suna ta zancen siyasa da tsofaffin motoci har suka daki ƙasa.

Wani lokacin ma ba hira ba ce, gaggawa ce. Disamba 1995, jirgin kamfanin American mai lamba 965 zai sauka Kali a Kolombiya, ya riga ya makara, sai aka ba su gajeriyar hanya suka karɓa. Aka danna harafin R a kwamfuta ana nufin wata alamar rediyo da ka nuna wa jirgi hanya mai suna Rozo, ita ko kwamfuta ta kawo Romeo da ke can wajen Bogota, aka amsa ba a duba ba, jirgi ya karkata hagu ya shiga cikin duwatsu da dare, wurin kuma babu rada balle wani ya hango ya yi masu tsawa. Da na'urar gargaɗin kusantar ƙasa ta yi ihu suka ja sama, amma sun manta birkin iska a buɗe. Mutum 159 suka mutu, 4 suka tsira. Harafi guda fa. Saboda irin haka ne ake koya wa matuƙa cewa in ɗaya ya shigar da abu, sai ɗayan ya gani ya amince kafin a danna, kuma dole kodayaushe akwai mutum guda da aikinsa kawai tuƙi, ko mi ke lalacewa.

Su ko mutanen laftof, dokar 1981 ba ta ma kama su ba, don suna can ƙafa 37,000 lokacin. An dai ƙwace masu lasisi cikin mako guda, kuma a 2014 aka fito da wata dokar da ta hana matuƙi taɓa waya ko laftof don harkar kansa tun daga tashi har sauka.