Shofaj ɗin tsohuwar Hilux ba ya bada zafi? Ku duba nan kafin ku kwance tablo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Yau maganar shofaj za mu yi, wato abin da ke ɗumama cikin mota, na tsofaffin motocin nan masu buɗaɗɗen baya, Hilux da Land Cruiser da ƴan uwansu. Nan Damagaram wata tara ko goma ba wanda yake tuna akwai wani abu wai shi shofaj a cikin mota, sai Disamba ta shigo, hunturu ya sauka, direba ya tashi da asuba zai ɗauki hanyar Tanut ko Agadas, ya murɗa maɓalli zuwa ja, iska ta fito sanyi ƙalau ko ɗan ɗumi-ɗumi da bai kai ya kawo ba. Daga nan sai garaji, maigida shofaj ya mutu.

To ku saurara, yawancin lokaci shofaj ɗin lafiyarsa lau. Shi ba ya da wutar kansa. Ruwan da ke zagaya moter yana kwasar zafi, shi ne ake ɗebo kaɗan ta dirit biyu, wato tiyon roba na ruwa, a shigar da shi wani ƙaramin radiyater da ke ɓoye bayan tablo, wato allon gaban direba, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da zafi. Shi kenan aikin. Don haka in zafi bai zo ba, ko ruwan bai yi zafi ba, ko bai iso ba, ko kuma iskar ce ba ta bi ta wurin ba.

Fara da ruwa, kuma mota a sanye, don Allah a sanye. Kar wanda ya buɗe murfin radiyater moter na da zafi, ruwan yana cikin matsi ne, zai yi tsalle ya sale maka fuska da hannu. Da safe kafin ka tada ita, buɗe ka leƙa, ruwa ya kamata ya zo har wuya, ka duba ɗan bidon na gefe shi ma. Ƙaramin radiyater ɗin nan a motoci da yawa yana sama-sama ne, ruwa na raguwa shi ne na farko da zai rasa rabonsa, allura kuma ba za ta nuna maka komi ba tukuna. In ka tarar ya ragu ka cika, amma ka tambayi kanka ina ya tafi, don ruwa ba ya ɓacewa haka kawai.

Yanzu tada mota ka yi tafiya kamar minti 15, ba a tsaye ba, don moter mai gazuwal in yana ralanti da ƙyar yake ɗaukar zafi. Kalli allurar zafi. In ta kwanta ƙasa ta ƙi tashi, ko ta ɗan tashi cikin gari amma kana hawa kwalta ta koma ƙasa, to ga ɓarawon nan, tarmosta, ƴar ƙofar da ke tsare ruwa cikin moter har ya yi zafi. Kuma ina mai tabbatar maku a garin nan sau da yawa in ka kwance gidan tarmostar ba lalacewa ta yi ba, babu ta ne gaba ɗaya. An cire. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, rana ta wuce digiri 40, mota ta ɗan yi zafi sau ɗaya, sai a ce cire tarmosta ka huta, ai ta ƙasar Turawa ce. Wannan magana tana ci min rai wallahi. Tarmostar nan aikinta ta tsare ruwa cikin moter har ya kai zafin da aka yi shi ya yi aiki da shi, yawanci digiri 82 ko 88, a rubuce yake a jikinta, sannan ta buɗe ruwa ya wuce babban radiyater. In babu ita ruwa yawo kawai yake, moter ya yini yana aiki a sanye, ya ƙara shan mai, ya ƙara hayaƙi, ciki yana cinyewa a hankali, kai kuma kana murna allura ba ta tashi. Motar da ta yi zafi a bazara, matsalarta radiyater da ya toshe ne ko fanka ko murfi da ya saki, cire tarmosta rufe ciwon kawai ya yi.

Ga gwaji mai sauƙi ba sai ka kwance komi ba. Tada mota da safe ka riƙe babban dirit na sama, ka yi hankali da fanka da bel. In tarmosta na aiki, dirit ɗin zai zauna da sanyi na ɗan lokaci sannan ya ɗauki zafi kusan lokaci ɗaya. In kuwa tun farko yana ɗumama sannu sannu tare da moter, a buɗe take ko babu ita. Sayi sabuwa mai lamba daidai da ta motarka, da juwan ɗinta, wato abin da ake sawa a bakinta ya hana yoyo.

To a ce allura ta zo inda ta saba, ruwa a cike, zafi dai babu. Buɗe kapo, duba bangon da ya raba moter da kabin, za ka ga ƙananan dirit biyu sun shige ciki. Farko ma ka tabbata suna nan, don wasu motocin an taɓa samun yoyo sai aka cire su aka haɗe bakin da bakin, ko aka toshe da bulon, ka saye ta haka ba ka sani ba. In suna nan, sa shofaj a ƙarshen ja ka taɓa su. Duka biyun ya kamata su yi zafi, na fita ya ɗan fi sauƙi kaɗan.

Ɗaya zafi ɗaya sanyi, ruwa ba ya wucewa. Wasu tsofaffin motocin suna da ɗan famfo a kan dirit ɗin wanda waya ke ja daga tablo, shekara guda ba a taɓa shi ba sai ya ƙame, sa aparanti ya motsa maɓalli kai kana kallo ko hannun yana motsi. In yana buɗewa, to radiyater ɗin ne ya toshe, kuma dalilin mun san shi, ruwan rijiya da na pampo da muke ɗurawa kullum. Ruwan nan yana barin farin gishiri da tsatsa, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, hanyoyin ciki kuma ƙanana ne sosai. Cire dirit biyun mota a sanye, sa tiyo ta bakin fita ka tura ruwa baya baya, a hankali ba da ƙarfin injin wankin mota ba don zai fasa shi, za ka ga jan ruwa kamar kunun kanwa yana fita, ci gaba har ya yi fari. In ka gama ka zuba likid na gaskiya, wato ruwan radiyater na musamman da ake sayarwa. Tsohon likid kuma kar a zubar inda awaki ko yara za su kai, yana da zaƙi kuma guba ne.

Bayan an zuba sabon ruwa iska takan maƙale a ciki, za ka ji ƙulu-ƙulu bayan tablo, zafi ya zo in ka taka ya tafi in ka saki. Ajiye mota gabanta ya ɗan hau tudu, murfi a buɗe tun tana sanye, shofaj a ja, bar ta tana aiki kana ƙara ruwa har kumfa ta daina. In kumfar ta ƙi ƙarewa, ruwa na raguwa kullum, ga farin hayaƙi a baya, wannan ya wuce shofaj, juwan kilas ne, wato juwan da ke tsakanin kan moter da jikinsa, ka kai wa makanike tun bai ci maka moter ba.

Duka biyun zafi amma iska sanyi? Akwai ƙofa a cikin akwatin da ke juya iska, wayarta ta zame ko ta tsinke, leƙa ƙarƙashin tablo, sau da yawa ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ne ya fita. In kuma iskar ce ba ƙarfi, ƙurar hunturu da ganye da sheƙar ɓera sun cika fankar, ciro ta ka kakkaɓe. Fanka ba ta juyawa sam, duba fiz. Tana aiki a lamba ta ƙarshe kawai, rezistans ɗinta ne, abin da ke rage mata gudu, ya ƙone.

In kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi a kabin, gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo, tabarmar gefen fasinja a jiƙe, ƙaramin radiyater ɗin ya fashe, a nan ne kawai kwance tablo ya zama dole, kuma aikin yini ne.

Sannan ƴan uwana direbobi masu kwana a hanya, in shofaj bai gyaru ba kar ku shigar da kaskon gawayi cikin kabin ku rufe gilasai. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci za ta sa ka, kuma tana kisa. Haka in salansa na yoyo a ƙarƙashin kabin, kar ka kwana mota a kunne, ka ɗauki bargo biyu, da safe ka nemi mai walda.