Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan tafkin Menteith na Sikotilan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu biyu muka zaro yau, kuma sai ga shi duk kan wuri ɗaya suka faɗa.

Ta farko daga wani malamin firamare ne a Damagaram. Ya ce ya ji wai a duk faɗin Sikotilan tafki ɗaya ne kawai ake ce wa "lake", saura duk "loch" ake kiransu. Yana tambaya, gaskiya ne, kuma me ke cikin tafkin?

To Malam, ba a yi maka ƙarya ba, sai ɗan gyara. Akwai wasu 'yan "lake" a can, amma galibinsu haƙa su aka yi. Wanda ake nufi shi ne Menteith, yamma da birnin Stirling. Ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita 3 ba, kuma tun lokacin da ƙanƙara ta rufe yankin ta narke ya samu. Masana da yawa na ganin kuskuren suna ne kawai: "laich" a harshen mutanen wurin yana nufin kwari, wato fadamar da ke kewaye, sai masu zana taswira suka ji shi "lake", sunan ya bi shi.

Abin da ya ɗaukaka tafkin kuwa tsibirin Inchmahome ne. A 1238 Walter Comyn, Earl na Menteith, wato basaraken yankin, ya gina wa limaman Kirista gidan ibada a kansa, har yau ganuwarsa na tsaye ba rufi. Sarkin Sikotilan Robert Bruce ya sha zuwa. Amma labarin da kowane mai kwale-kwale zai ba ka shi ne na Sarauniya Mary ta Sikotilan. A watan Satumba 1547 sojojin Ingila suka ragargaza na Sikotilan a yaƙin Pinkie. Ingila na son a aurar da Mary ga sarkinsu Edward, wanda shi ma yaro ne, ko ana so ko ba a so. Yarinyar shekararta 4 kacal. Sai uwarta ta ɗauke ta ta ɓoye a wannan tsibiri kimanin mako 3, ruwa ya zama katanga. Shekara na zagayowa aka tsallaka da ita Faransa. Har yanzu ana nuna wa baƙi wani lungu mai shuke-shuke da sunanta, wai nan take wasa, kuma wai ita ta shuka su. Ni dai ina shakka, yarinyar da ake gudu da ita, wa zai bar ta tana shuka?

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Kumasi. Ta ce ɗanta da ke karatu a Glasgow ya ce mata mutane na wasa a kan wannan tafki, ita kuwa ba ta yarda ba.

Hajiya, ɗanki bai zuga ki ba. Idan sanyi ya tsananta, saman ruwan na daskarewa. Wasan, sunansa curling: ana tura dutse mai sulɓi, nauyinsa kusan kilo 20, a kan ƙanƙara, wasu na gaba da tsintsiya suna share masa hanya. Babbar gasar, tsakanin arewa da kudancin ƙasar, ba a yinta sai kaurin ƙanƙarar ya kai inci 7. Rabon da a yi ta tun 1979, kuma a Menteith aka yi. A 2010 tafkin ya sake daskarewa, aka sa rai, hukumomi suka ƙi saboda gudun hatsari. Duk da haka jama'a suka fito da duwatsunsu suka yi abinsu.

Da rani kuwa masunta ne ke cika shi, su da wani shaho mai cin kifi da ke faɗowa ruwa ya cafki kifi da farce. Idan hunturu ya ƙarato, irin wannan shaho kan baro Sikotilan, da yawansu a Senegal da Gambiya suke yin sanyin. Ke nan Hajiya, shahon da ɗanki zai gani a can a watan Yuli, wataƙila a watan Janairu yana nan Afirka ta Yamma.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.