Sharhi: Daga Ƙofar Ɗaki Zuwa Bakin Titi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan 'yan'uwanmu masu lalurar nakasa ne a birnin Sakkwato, hanyar da suke bi da rana da kuma inda suke kwana da dare.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ce a gyara gine-ginen jama'a da hanyar masu tafiya a ƙasa da wuraren tsallaka titi yadda mai keken guragu da makaho za su iya bi. Wa'adin shekara 5 aka bayar, kuma ya cika tun Janairun 2024. Har tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ta tanada ga jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa ƙa'ida. Duk da haka, wanda ya tsaya a kewayen Babbar Kasuwa da hantsi zai ga mai keken guragu a tsakiyar kwalta, yana kokawa da 'yan kabu-kabu da motoci. Ba ganganci ya kai shi can ba, gefen titin ne ba ya biyuwa.

Matsalar farko ita ce hawa. Ƙa'idar gangare mai sauƙi ce, duk birkila zai riƙe ta: kowane inci 1 na tsayi yana buƙatar ƙafa 1 ta tsawo. Daɓe mai tsayin bulo inci 6, gangarensa ƙafa 6 ne. Shagon da aka ɗaga da matakala uku saboda ruwan damina, wato inci 18, nasa ƙafa 18 ne, da fili shimfiɗaɗɗe na ƙafa 5 a sama inda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da keke ya koma da shi baya ba. Abin da aka fi gani shi ne ɗan siminti ƙafa 3 da aka manna a jikin matakala. Wannan na shigar da babur ne. Mai keken da ya gwada hawansa, ƙafafun gaba za su ɗaga ya faɗi ta ƙeya. Wasu kuma su shimfiɗa masa tayil mai sheƙi, da yayyafi ya sauka sai ya zama tarko. Siminti ake so, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye don ya yi kaushi, a sa ƙarfen dafawa a gefe biyu, tsayin ƙafa 3.

Sai faɗi. Keken guragu ya ɗan haura ƙafa 2, saboda haka hanyar masu ƙafa tana son ƙafa 5, idan keke biyu za su wuce juna ƙafa 6. A wurare da dama murfin kwata shi ne hanyar, kuma silab ɗaya ya ɓace, an yanke ta ke nan. Mai ido da ƙafa zai tsallaka, mai keke sai ya koma baya ya nemi inda zai sauka kwalta, makaho kuwa rami ne a gabansa. Silab yana karyewa ne idan an yi rowar rodi, ko aka ɗora shi bai kwana ana ba shi ruwa ba, ko mota ta hau kai. Na ƙarfe kuma ɓarayi ke kwashewa idan ba a yi masa walda ba, ga shi a zafin Afrilu, da ma'auni ke haura digiri 40, yana ƙona tafin masu tafiya da hannu. Intalok ma haka, in ba a danne yashin ƙasa da inji an kuma ɗaure gefensa da kankare ba, damina ɗaya ta isa ta wargaza shi. Inda duk wannan ya yi daidai, sai ka tarar da falwaya a tsakiya, ko janareto, ko teburin mai shayi. Ba korar mai sana'a muke nema ba, a ja masa layi da fenti, a bar ƙafa 5 babu komai a kai.

Abin da ba a cika haɗawa da wannan ba shi ne wurin kwana. Masu harkar gidaje kan ce bai kamata haya ta ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu ba. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan naira 21,000 ne a wata. Amma mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali, alhali mai gyaran takalmi ko mai sayar da goro a kan keke kullum-kullum yake samun nasa. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 na albashi ya ba da rance a kan ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30, sai dai yana neman takardar mallakar fili da shaidar samun kuɗi a kai a kai, abin da yawancinsu ba su da shi. Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah, su ma ɗakin suke nema, da yawansu a kangaye suke fakewa.

Ɗaki mai araha yana can bayan gari, inda lungu rairayi ne da ke riƙe taya, dokin ƙofa ya kai inci 9, ƙofar bayi kuma ƙafa 2 ce da rabi ko ƙasa da haka. Kuɗin zuwa kasuwa da dawowa zai cinye cinikin yini. Shi ya sa wani ke zaɓar rumfar shago ko barandar masallaci, a cikin hunturu da sauro, domin can ne kusa da abincinsa.

Muna kira ga gwamnatin jiha, duk rukunin gidajen da za ta gina ta ware ɗakunan ƙasa na kusa da titi ga nakasassu, ƙofa mai faɗin ƙafa 3, babu doki, bayi na zama da ƙarfen dafawa da filin juyawa ƙafa 5, haya kuma a riƙa karɓa wata-wata. A kan takarda wannan ɗan canjin layi ne, bayan an zuba kankare kuwa sai an fasa an sake. Masu hannu da shuni da Hukumar Zakka da Waƙafi su duba waƙafin ɗakunan kwana kusa da kasuwa. Kafin kuma a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe, a kira mai keken guragu da makaho mai sanda daga ƙungiyarsu, su bi aikin daga farko har ƙarshe ba mai tura su ba mai ja musu gora, injiniya na biye da tef, duk inda suka tsaya a sa alama a gyara.